Alessandro Volta, Mutumin da Ya Ƙirƙiro Batir

A filinmu na tarihin manyan mutane, wannan karon mun kawo muku mutumin da harafin farko na sunansa ke jikin kowace caja da kowane batir.

An haifi Alessandro Volta ranar 18 ga Fabrairu, 1745, a garin Como da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, dangi suka ɗauki nauyin karatunsa. Sun so ya karanci shari'a, amma shi hankalinsa na kan kimiyya, musamman lantarki. A 1774 ya fara aiki a makarantar gwamnati ta garinsu. A 1776 ya lura da wata iska da ke tasowa daga laka a fadamar tafkin Maggiore, ya tara ta a kwalba, ya ga tana kamawa da wuta. Ita ce iskar gas ɗin da ake kira methane. A 1779 ya zama farfesa a Jami'ar Pavia, inda ya yi kusan shekara arba'in.

Abin da ya ɗaukaka sunansa ya faro ne daga gardama. A 1791 wani likita na garin Bologna, Luigi Galvani, ya wallafa cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi idan aka taɓa ta da ƙarfe, ya ce lantarkin daga jikin kwaɗon yake. Da farko Volta ya yarda. Da ya maimaita gwajin da kansa, sai ya ga motsin ya fi ƙarfi idan ƙarafan iri biyu ne daban. Har a kan harshensa ya ɗora ƙarafa biyu, ya ji wani ɗanɗano mai tsami. Daga nan ya ce asirin yana ga ƙarafan da danshin da ke tsakaninsu.

Domin ya kafa hujja, sai ya cire kwaɗon gaba ɗaya. Ya yanko faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya sa kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakani, ya yi ta jera su bisa juna. Duk jerin da ya ƙara, ƙarfin wutar sai ya ƙaru. Kafin wannan, masana tartsatsi ɗaya kawai suke iya samu, ya wuce nan take. Yanzu ga wuta mai gudana ba yankewa. Ranar 20 ga Maris, 1800, ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan bayanin na'urar, kuma cikin 'yan makonni wasu masana biyu a Ingila suka raba ruwa gida biyu da ita, wato iskar haidurojin da iskar oksijin. A 1801 ya nuna ta a gaban Napoleon a Faransa, aka ba shi lambar zinariya.

Batirin nasa yana da matsala: nauyin faya-fayan yakan matse kwalin, ruwan gishirin ya zubo ya haɗa wuta, ƙarfinsa ya ragu. Shi kuwa Galvani ya rasu a 1798, kuma daga baya an tabbatar cewa jijiyoyin jiki ma da lantarki suke aiki, don haka kowannensu yana da tasa gaskiyar. Volta ya yi ritaya a 1819, ya rasu ranar 5 ga Maris, 1827, yana da shekara 82. A 1881 aka sa wa ma'aunin ƙarfin lantarki sunansa, wato volt, mai alamar V.

Wannan alama tana da amfani ga duk wanda zai sayi fawa-banki domin kwamfutar tafi-da-gidanka. Fawa-bankin waya yawanci 5V yake bayarwa, yawancin kwamfutoci kuwa 19V ko 20V suke buƙata. A duba bayan cajar kwamfutar, a ninka V da A don a san yawan W. Misali, 20V sau 3.25A ya ba da 65W, don haka a nemi fawa-bankin da V ɗinsa ya dace, kuma W ɗinsa bai gaza haka ba. Kada a ruɗu da manyan lambobin da ke jikin kwali, a gwada shi a shago kafin a biya kuɗi. Batirin litiyam yana iya kamawa da wuta, saboda haka in ya kumbura ko yana zafi fiye da kima, a daina amfani da shi, kuma kada a bar shi a rana ko ƙarƙashin matashi yana caji.

Volta bai tsaya ga abin da aka faɗa masa ba sai da ya gwada ya auna, domin gani ya kori ji. Mu ma mu riƙa karantawa da gwadawa kafin mu jona. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta