Muhammadu Dikko da Tsarin Gundumomi a Ƙasar Katsina

An haifi Muhammadu Dikko wajen 1865 a gidan Durɓi Giɗaɗo, daga zuriyar Sulluɓawa. Shi ma sarautar Durɓi ya riƙe, kuma a kanta Turawa suka same shi da suka shiga Katsina a 1903. A lokacin gadon sarauta na hannun Dallazawa. Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar a 1904, suka tuɓe magajinsa Yero a 1906, sannan H. R. Palmer ya tsaya wa Dikko aka naɗa shi, alhali gidansu bai taɓa yin sarautar Katsina ba.

Wannan rashin gado shi ne ya fi bayyana salon mulkinsa. Kafin zuwan Turawa, yawancin masu sarauta a birni suke zaune, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuwa a warwatse, jakadu ke kai umarni su karɓo kuɗin ƙasa, kowa na yankar rabonsa a hanya. Sabon tsari ya haɗe garuruwan da ke maƙwabtaka suka zama gunduma, aka tura hakimi ya tare a cikinta, dagatai a ƙarƙashinsa, masu unguwa a ƙarƙashin dagatai. Haraji da jangali suka koma shiga baitulmali, wanda a Katsina aka fara gwada shi, hakimi kuma ya koma cin albashi.

Dikko bai yi jayayya da wannan sauyi ba, don ya ga abin da ke cikinsa. Hakimin da albashinsa ke fitowa daga birni, wanda giɓi a lissafin haraji ya isa a tuɓe shi, ba ya da ƙafar ja da sarki. Ta haka, sannu a hankali, gundumomi da dama suka koma hannun 'ya'yansa da mutanensa. Talaka dai ya rabu da jakada, sai ya sami hakimi da fadawansa a ƙofar gida, wanda ba kullum ya fi masa sauƙi ba.

A 1921 ya yi aikin hajji, ya kuma ziyarci Ingila. Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo, wanda ya riƙe Magajin Gari, ya gaje shi.