Muhammadu Durugu, Babban Gwani

Ya kai mai karatu, ɗaga kai ka dubi rufin ɗakinka. In na laka ne, to labarin ga naka ne.

Muhammadu Durugu magini ne na birnin Zariya, cikin Najeriya. Ya rayu bayan jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo. Saboda gwanintarsa anka ba shi sunan Babban Gwani.

Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ya sa shi gina masallacin Juma'a na Zariya. Wannan zamani babu siminti, babu tol. Kayan aikinsa laka ce da tubali da azara, irin wadda ake tsagawa daga giginya. Ka san gara ba ta cika cin azara ba.

Ga wuyar aikin: azara guda ba ta iya ƙetare babban ɗaki ta ɗauki nauyin laka. Sai shi jera gajerun azara daga bangon nan da bangon can, kowace tana ɗan wuce ta ƙarƙashinta. A ɗaure su da igiya, a lulluɓe da laka, har su gamu a sama. Shi ne ake kira bakan gizo. Bisansa ake ɗora tulluwa. Da haka ɗakin salla ya yi faɗi, ya yi tsawo, ga sanyi. Ya kuma yi wa ginshiƙai zane tun laka tana ɗanya.

Ana ba da labari cewa ya je Birnin Gwari ya gina wani masallaci, sarkin garin ya sa anka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Amma ilimin bai mutu ba, don ya bar shi hannun zuriyarsa. Akwai unguwa cikin Zariya mai sunan Babban Gwani.

A shekarun 1970 anka lulluɓe tsohon masallacin da sabon gini na siminti.

To ɗan'uwa, mu ma nan Arewa muna da tsofaffin magina. Abin da sunka sani a kansu yake, ba a takarda ba. Yanzu ka iya rubutu. Je ka gaishe su, ka tambaye su yadda ake cuɗa laka da jera itace, ka rubuta don ƴaƴanmu.