Likita Mila, Baturen Durumin Maigarke

Cikin Turawan da suka shigo ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, kaɗan ne sunansu ya zauna a bakin jama'a kamar na Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila. Bai taɓa riƙe muƙamin Razdan ko Di'o ba. Ɗan mishan ne, ya zo da niyyar ya mai da Hausawa Kirista, bai kuwa taɓa ɓoye wannan niyya ba. Burin nasa bai cika ba, don waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba in an gwada su da yawan mutanen ƙasar. Duk da haka irin zaman da ya yi cikin mutane, yana magani, yana koyarwa, yana fassara, ya bar abin da har yanzu ake gani a asibitoci da makarantu da ofisoshin Arewa.

An haife shi cikin 1872 a kudu maso yammacin Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya fara zuwa Tarabulus, inda fatake da mahajjata Hausawa suke yada zango, don ya koyi harshen daga bakin masu shi. A can ya gamu da wani yaro mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyarsu ta zuwa Makka. Yaron nan daga baya ya zama na hannun damansa wajen koyon Hausa da aikin fassara.

Cikin 1900 su biyar suka taso daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka nufi Kano. Lokacin nan Turawa ba su ci Kano ba tukuna, Sarki Alu yana kan gado da cikakken ikonsa. Da aka kai su gabansa bai saurari abin da ya kawo su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita masa daga gari. Suka komo ƙasar Zazzau suka sauka a Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya mutu, sauran kuma ciwo ya tarwatsa su. Mila bai daddara ba. Ya sake dawowa, kuma cikin 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi.

Sai an tuna da halin da ake ciki a lokacin kafin a gane girman wannan izini. Bayan da aka ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi wa Sarkin Musulmi da manyan ƙasa alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Razdan-Razdan suka riƙe wannan alkawari, suka hana 'yan mishan kafa tasha a ƙasashen sarakunan Musulmi. Shi ya sa garuruwan Sakkwato da Gwandu, irin su Tambuwal da Jega, suka daɗe ba su san makarantar mishan ba, kuma sai cikin shekarun 1930 aka bar mishan suka karɓi aikin jiyyar kutare a wurare kamar Amanawa. Saboda haka gidan Mila ya daɗe shi kaɗai ne irinsa a cikin birnin wani babban sarki na Musulmi.

To, tun da yake ba a sake masa mara ya yi wa'azi yadda yake so ba, sai ya zamana hanyar da ta rage masa ita ce mutane su ga addininsa cikin aikinsa na yau da kullum. Bai tare a unguwar Turawa ba, cikin gari ya zauna, a gidan ƙasa irin na maƙwabtansa. Marasa lafiya suna zuwa ana ba su magani ba tare da an tambaye su addininsu ba. A cikin gidan kuma ya buɗe makaranta, yaran suna kwana suna tashi a hannunsa, waɗansu marayu ne, waɗansu kuwa 'ya'yan bayi ne da aka 'yanta. Bai yi aure ba har ya mutu, yaran nan su ne iyalinsa, har waɗansu suka ɗauki sunansa. Daga wannan gida ne zuriyar Miller ta Zariya ta samo suna, wadda mawaƙin nan Bala Miller ya fito daga cikinta.

Abin da ya fi faranta masa rai, kuma ya fi sa shi baƙin ciki, shi ne al'amarin Isawa. Su dai Isawa almajiran wani malami ne na Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya sa ya ba Annabi Isa wani matsayi da malaman gari ba su yarda da shi ba, har aka kashe shi zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watse, da yawa suka nufi wajen Ningi. Cikin 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya. Aka samar musu wuri a Gimi suka kafa ƙauye, suna noma, suna karatu, suna ibada tare. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya auka wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, dole aka tashe shi. Likita ne, amma a zamanin nan ba shi da maganin da zai tsai da cutar. Abin da ya iya yi shi ne ya kwashe yaran da suka tsira ya kawo su makarantarsa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga zuriyar Isawan nan yake.

Amma fa kada a ɗauka Mila mutum ne mai sanyin hali. Yana da kaifin baki, ba ya raga wa kowa. Abin da ya rubuta game da sarakunan Fulani da addinin Musulunci akwai tsanani da rashin adalci a ciki, irin na mutumin da ya riga ya yanke hukunci kafin ya saurara. Ta wani gefen kuma wannan hali shi ya sa talakawa suka riƙa kai masa kukansu, shi kuwa ya rubuta ya aika wa gwamnati. Ƙarar da ya yi ta kaiwa tana cikin abubuwan da suka jawo aka tuɓe Sarki Aliyu ɗan Sidi wajen 1920 aka kai shi Lakwaja, watau sarkin da ya ba shi masauki. Har yau ba a daina saɓani a kan wannan ba. Turawan mulki ma ba su tsira daga harshensa ba, don yana ganin sun jingina da sarakuna sun bar talaka cikin jahilci. Littafin da ya fitar cikin 1947, sunansa ma tambaya ce, ko Ingilishi sun kasa ne a Nijeriya.

Akwai kuma hannunsa cikin rubutun da ake karanta wannan jarida da shi. Yana cikin waɗanda suka ba Lugga shawara a riƙa rubuta Hausa da boko maimakon ajami a ayyukan gwamnati, shawarar da waɗansu malamai suke ganin ita ta mai da masu ilmin ajami kamar marasa karatu a idon hukuma. Biyu daga cikin waɗanda suka fara aikin mishan tare da shi sun koma aikin gwamnati: Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, da G. P. Bargery, mai babban ƙamus na Hausa na 1934.

Cikin 1929 aka fitar da mishan daga birni aka mai da ita Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, da makaranta, da asibiti. Mila bai so wannan ƙaura ba, don a ganinsa raba Kirista da sauran 'yan'uwansu Hausawa ne. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassarar da ya shafe shekaru yana yi tare da mataimakansa Hausawa da 'yan mishan na waɗansu ƙungiyoyi. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, ya kuwa shiga majami'u har na ƙabilun da Hausa ba harshensu na gado ba ne, a Filato da Adamawa da kudancin Zazzau.

Cikin yaran da suka tashi a hannunsa babu kamar Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Sarki ta Ikko da Jami'ar Bamingham. Bafulatani ne Kirista, amma da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa don yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, shi Musulmi irin su Abubakar Imam da Aminu Kano suka yarda ya shugabance su cikin 1949. Ya zama Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya cikin 1967 a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi. Sunansa ne aka sa wa asibitin Barau Dikko na Kaduna.

Mila ya ajiye aikin C.M.S. cikin 1935 ya koma Ingila, amma zaman can bai karɓe shi ba. Cikin 1939 ya sake dawowa Nijeriya, ba a ƙarƙashin wata ƙungiya ba, ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, inda ya rasu cikin 1952 yana da shekara 80.