John Van Vleck, malamin da ya bayyana sirrin maganaɗisu

Akwai ɗan ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfin gaske a cikin lasifikar wayar salula da injin motar lantarki. Ilimin da ke bayyana tushen wannan ƙarfi ya samu gindin zama ne a hannun wani malamin jami'a Ba'amurke, John Hasbrouck Van Vleck, wanda alƙalami da takarda ne kayan aikinsa.

An haife shi ranar 13 ga Maris, 1899 a garin Middletown na jihar Connecticut, ya kuma tashi a Madison, inda mahaifinsa ke koyar da lissafi a Jami'ar Wisconsin. Ya sami digirin digirgir a Harvard a 1922. Bayan ya koyar a Minnesota da Wisconsin, sai ya koma Harvard a 1934, inda ya zauna har ya yi ritaya.

A 1929, shi da ɗalibarsa Amelia Frank suka warware wata matsala da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, wato saɓanin da ke tsakanin lissafi da awo game da maganaɗisun sinadaran samariyam da yurofiyam. A shekarar ce kuma Hans Bethe ya nuna yadda zarrar da ke cikin kiristal ke jin tasirin lantarkin maƙwabtanta. Van Vleck ya ɗauki wannan tunani ya ɗora shi a kan maganaɗisu, kamar yadda littafinsa na 1932 ya nuna.

Ga yadda abin yake. A sinadarai irin su samariyam da niyodimiyam, gajimaren ilektron ɗin da ke haifar da maganaɗisu ba zagayayye ba ne: wani a miƙe yake, wani a baje. Lantarkin maƙwabta kan riƙe gajimaren a fuska guda, shi kuma ya riƙe alƙiblar maganaɗisun. Shi ya sa juya ta ke da wuya, kuma wannan taurin kai ne ake nema a maganaɗisu mai ɗorewa.

Amfanin ilimin bai bayyana a kasuwa ba sai bayan shekaru da dama. Maganaɗisun samariyam da kobalt ya fito a ƙarshen shekarun 1960, na niyodimiyam da ƙarfe da boron kuma a 1984. Van Vleck bai ga na biyun ba. Ya karɓi kyautar Nobel a 1977 tare da Philip Anderson da Nevill Mott, ya rasu ranar 27 ga Oktoba, 1980.

A yau ƙasar Sin ce ke tace mafi yawan waɗannan ma'adinai, manyan ƙasashe kuma na ta fafutukar neman wata kafa. Monazayit, ɗaya daga cikin duwatsun da ke ɗauke da niyodimiyam, na nan cikin ragowar ƙasar haƙar kuza a tsaunukan Jos.