Abbas Ibn Firnas, dattijon da ya gwada tashi sama

Wasunmu sun sha ganin bidiyon masu shawagi da lema, wani har da inji goye a baya. To, tun fiye da shekara 1,100 wani malami Musulmi ya gwada irin wannan.

An haifi Abbas Ibn Firnas wajen shekarar 810 a Ronda, cikin Andalus, wato Sifen ta yau. Asalinsa Barbar ne, dangin Buzayenmu. A Kurɗuba ya zauna, kusa da fadar sarakunan Umayyawa. Mawaƙi ne kuma masanin taurari. Ya haɗa agogo mai aiki da ruwa, ya gano dabarar sarrafa gilashi daga dutse.

Da shekaru suka ja, sai ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsaye, ya ɗaura fukafukai biyu, ya faɗo daga wuri mai tsawo. Masanin tarihi Al-Maƙƙari ya rubuta cewa ya yi ɗan nisa a iska. Amma wajen sauka ya bugu ƙwarai a baya, don bai yi wa kansa wutsiya ba, alhali da ita tsuntsu ke rage gudu in zai sauka.

Har yau mai koyon lema sai ya ƙware a ƙasa, ya iya jan igiyoyin birki, kafin malaminsa ya bar shi ya tashi.

Ya rasu a 887. Yau akwai gada a Kurɗuba da wani rami a duniyar wata masu sunansa. Allah ya jiƙansa.