Marigayi Taslim Olawale Elias: Malamin Lauyoyi, Mai Daraja Sulhu

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani bajimin masanin shari'a, wato Marigayi Taslim Olawale Elias.

An haife shi a Ikko ran 11 ga Nuwamba, 1914. Ya yi sakandare a makarantar Igbobi, sannan ya kama aiki a Hukumar Jiragen Ƙasa. Daga nan ya tafi Ingila karatun lauya, ya sami digirin farko a Jami'ar Landan a 1946, na dakta kuma a 1949.

A wancan zamani, Turawa da yawa na ganin Afirka ba ta da shari'a sai al'adu kawai. Elias ya ba su amsa a 1956 da littafinsa mai suna The Nature of African Customary Law. Ya nuna cewa kakanninmu na da dokoki tsayayyu da majalisun yanke hukunci, kuma mai shari'a a wurinsu ba ya tsayawa ga gano mai laifi, sai ya daidaita tsakani, domin gobe ma masu husumar za su haɗu a kasuwa ɗaya.

A 1960 ya zama Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya. Yana cikin waɗanda suka tsara kundin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1963, da yarjejeniyarta ta sasanta rikicin ƙasashe. A 1966 ya zama farfesa kuma shugaban tsangayar shari'a ta Jami'ar Ikko. Ya riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya daga 1972, har gwamnatin soja ta sauke shi a 1975. Amma zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi: a 1976 ya zama alƙali a Kotun Duniya, ya kuma shugabance ta daga 1982 zuwa 1985. Ya rasu a Ikko ran 14 ga Agusta, 1991.

A 2002 aka buɗe zauren sulhu a harabar Babbar Kotun Ikko, wasu jihohi suka bi sahu. Saura makarantun lauya su ba darasin sulhu muhimmancin da suke ba jayayya a gaban alƙali. Wanda ya taɓa ganin rikicin gado ya raba 'yan'uwa shekara goma ana zaryar kotu, ya san dalili. Muna fata lauyoyi da malaman jami'a da ke cikinmu za su ɗauki wannan nauyi.

Allah Ya jiƙansa, amin.