Alisabatu Ta Hangari, Gimbiyar Da Ta Tuɓe Kambinta

'Yar'uwa, kin san Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya ne. A koyarwar Kirista ma shi ne ake sawa a kan gaba cikin manyan zunubai bakwai, domin shi ke sa bawa ya manta cewa duk abin da ke hannunsa aro ne daga Ubangiji. To, yau ga labarin wata mace wadda aka haife ta da kambin sarauta, ta kuwa ajiye shi da hannunta.

An haifi Alisabatu a 1207, 'yar Sarkin Hangari Andarawus na Biyu. Tana da shekara huɗu aka kai ta ƙasar Turingiya a Jamus, domin ta tashi a gidan da za ta yi aure. An ruwaito cewa wata ranar idi ta shiga majami'a a garin Eisenach cikin ado, da kambin zinariya a kanta. Da ta ga siffar Yesu Almasihu a kan gicciye da kambin ƙaya, sai ta tuɓe nata ta durƙusa. Surukarta Sofiya ta yi mata faɗa, wai ta kunyata su a gaban talakawa. Yarinyar ta nuna cewa ba ta iya tsayawa da zinariya a gaban wanda ya sa ƙaya.

A 1221 aka ɗaura mata aure da Ludwig, mai mulkin ƙasar, suka zauna a fadar Wartburg da ke kan dutse. Allah ya haɗa jininsu, mijin kuwa bai taɓa hana ta alheri ba. Da yunwa ta faɗa wa ƙasar a 1226, shi yana Italiya wajen hidimar babban sarki, sai ta buɗe rumbunan fada ta raba wa jama'a hatsi. Ta gina asibiti a gindin dutsen saboda marasa ƙarfin hawa, tana sauka da kanta ta wanke musu gyambo. Fadawa suka yi ta guna-guni, amma da maigida ya dawo ya goya mata baya.

Sai jarrabawa ta zo. A 1227 Ludwig ya rasu da zazzaɓi a Otranto, kan hanyarsa ta zuwa yaƙi a Ƙasa Mai Tsarki. Alisabatu tana da shekara 20, ga 'ya'ya biyu, ga cikin na uku da ta haifa bayan 'yan makonni. Dangin miji suka riƙe dukiyarta, ta fita daga fada cikin tsananin sanyi. Waɗansu da ta ciyar jiya suka juya mata baya. A nan ne ake gane tawali'un gaskiya, 'yar'uwa, gama ba da sadaka daga kan karaga yana da sauƙi, kuma yabo yana bin sa. Haƙuri da wulakanci daga wanda kika taimaka shi ne mai wuya.

Da aka biya ta hakkinta, sai ta koma Marburg a 1228, ta sa tufa mai ruwan toka irin ta masu tuba, ta gina wani asibitin da kuɗin. Mahaifinta ya aiko manzo ya mai da ita gida. Ya iske 'yar sarki tana kaɗin ulu domin ta sami abin kai wa baki, ta kuwa ƙi binsa. Barorinta sun ba da shaida bayan rasuwarta cewa ta hana su kiranta da sunan sarauta, tana cin abinci akushi ɗaya da su, har takan wanke kwanuka da kanta.

Ba duk abin da ya same ta ne abin koyi ba. Malaminta na addini, Konrad, mutum ne mai tsanani, ya raba ta da aminanta na ƙuruciya, har yakan sa a doke ta. 'Ya'yanta ma a hannun wasu suka girma. Wahala ta cinye jikinta, ta rasu a watan Nuwamba 1231 tana da shekara 24 kacal. A 1235 Paparoma Giregori na Tara ya sa ta cikin tsarkaka, har yau kuwa majami'ar da aka gina a kan kabarinta tana nan a Marburg, asibitoci da yawa a duniya suna ɗauke da sunanta.

To, uwargida, ke ba a ce ki bar gidanki ba. Amma ki duba yadda kike kiran 'yar aikinki, da kwanon da kike zuba mata tuwo, da irin kallon da kike yi wa maƙwabciyar da ba ta kai ki zane ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Allah ya raba mu da girman kai, amin.